Katakon Arzika

A Yawuri, bayan 'yan kifi,
Arzika kan sassaƙa gaɓar Kwara a jikin maɗaci.
Bai taɓa zana mai mulki ba.
Giginya uku, kwalekwale,
sai sararin sama har ya yi yawa.
Mutum a wurinsa ƙwayar gero ne a bakin ruwa.

Ya shafa tawada, ya murza takarda da gindin ludayi,
ya ɗaga: gabas ta koma yamma.
"Haka take," in ji shi.

Ruwa ya haɗiye gungunmu.
Ƙasa ta haɗiye Arzika.

Jiya na ɗora takarda kan tsohon katakon.
Gidanmu ya fito, ƙofa a hagu.
Na daɗe tsaye
ina neman ta inda zan yi sallama.