Rabin Yini a Kan Kwara

Kin tambaye ni, Kulu, ko ya ci kuɗinsa,
wannan yawon jirgi da ake talla a bakin ruwan Yelwa.
Ga lissafin yadda na yi shi,
ke kya yanke.

Dubu tara na biya, ban da kuɗin mai
da aka ce ya tashi jiya da dare.
Nomau, yaron da ke mana jagora, ya rantse:
dorina, kurmi, gungu uku, a dawo kafin azahar.
Ya miƙo mini rigar ruwa mai igiya ɗaya,
ɗayar na gan ta a wuyan akuyar wani.

Mu takwas ne, da buhun albasa biyu
da ba su biya ko sisi ba,
amma su suka sami wurin zama mai kyau.

Dorina? Mun hango wani abu baƙi can nesa.
Nomau ya ce ita ce.
Wata malama daga Zuru ta ce dutse ne.
Muka yi tsit minti goma,
dutsen bai yi numfashi ba.

Kurmin kam kurmi ne, ban ci haƙƙinsa ba.
Rassa sun sunkuyo har suna shan ruwa,
sanyi kamar kin leƙa cikin randa,
birai biyu na yi mana kallon 'yan cin bashi.
Sai dai sauron can bai san magariba ba,
da hantsi ya karɓi nasa kuɗin shiga.
A gungu na biyu laka ta karɓi takalmina na hagu,
na ukun kuwa daga nesa aka nuna mana shi da baki.

A hanyar dawowa injin ya yi tari sau uku
ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru mai faɗi haka ba, Kulu.
Zalɓe ya wuce, na ji fiffikensa.
Baidu, tsohon matuƙin da tun safe bai ce uffan ba,
ya jawo filafili daga ƙarƙashin albasa,
ya tuƙa kaɗan, ya tsaya, ya dubi wani tudu, ya dubi rana,
ya ce: Nan ne.
Nan ƙasa aka binne cibiyata,
kafin a tare kogi, ruwa ya hau garinmu.
Ga inda rijiyarmu take, ruwa a kan ruwa.
Ga tsamiyar da muke sassaƙa jirgi a gindinta.
Innata na kwance wajen nan,
daidai inda kike wasa da hannu, baiwar Allah.

Na janye hannuna.
Ya yi dariya, haƙora uku.
Mayar, in ji shi, tana son baƙi.
Na mayar.

Nomau ya duba takardarsa gaba da baya,
babu wannan a cikin tsarin.
Malamar Zuru ta ajiye wayarta a cinya
ba ta ɗauki hoto ba.

Azahar ta same mu a ruwa, la'asar ta tarbe mu a gaɓa.
Na hau acaba da takalmi ɗaya,
fuskata ta gasu, cikina na kiran ciroma,
mai gidana yana tambaya ina hoton dorina.

To, ga shi nan.
In dorina kike so, riƙe kuɗinki,
sayi busasshen kifi a kasuwa ki koma Gusau da riba.
In kuma za ki, tafi da ruwan sha, da hula, da haƙuri,
ki nemi jirgin Baidu, mai shuɗin baki,
ki zauna kusa da shi, ba kusa da mai takarda ba.
Abu ɗaya ne ba zan iya yi miki alkawari ba:
cewa ke ma injin zai mutu.