Wutar Ƙaiƙayi a Rose Belle

Shekara talatin da ɗaya ina saran rake
a gonakin Rose Belle, kudancin Moris,
adda a dama, tsumma a goshi.
Kafin sara mukan cinna wa gona wuta,
ganye ya cinye, kara ya tsaya.
Na ɗauka na san wuta:
mai ruri, mai yayyafa baƙin toka
kan wankin Meenachee a igiya.

'Yata Selvina ke aiki a ɗakin gwajin jini.
Ranar Talata ta shigo da takarda,
ko takalmi ba ta cire ba.
Ta ce, Appa, zauna.
Lamba biyu ta kewaye da jan biro.

Ta farko, tara da ɗigo huɗu.
Suga, in ji ta, yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini
yadda ruwan rake ke manne wa gashin hannu,
su kuwa wata uku suke yawo kafin su mutu,
ba a ruɗinsu da yunwar dare ɗaya.
Na tuna jajibirin gwaji da na kwana ban ci ba.
Na kalli silin.

Ta biyu haruffa uku ce, CRP.
Hanta ke sakinta in wani wuri yana ci a jiki.
Hayaƙi ce, Appa, ba ta faɗin gidan da ya kama,
amma ina zargin jijiyoyinka.
Cikinsu akwai shimfiɗa, ta fi ɓawon albasa sirantaka,
sumul, don jini ya wuce ba tuntuɓe.
Zaƙi in ya yi yawa sai ya kankare ta,
fararen ƙwayoyi su taru wai gyara,
su yi sansani, bango ya kumbura,
hanya ta tsuke kamar lambatun ban ruwa
da aka shekara ba a yashe ba.

Na ce, ni ba na jin zafi ko'ina.
Ta ce, ƙaiƙayi ma ba ya ihu in yana ci ta ƙasa.

Ni da na ciyar da Turai zaƙi da bayana,
ga shi ya biyo ni gida
ya kwanta a bangon jinina kamar mai bin bashi.

Meenachee ta ɓoye gwangwanin suga a bayan injin ɗinki.
Na san wurin. Ban taɓa ba.
Shayi lami, shinkafa rabin faranti,
garafuni soyayye har harshe ya daina ƙara,
ƙwaya safe da dare,
tafiya zuwa tsohon bututun masana'anta da dawowa,
karen maƙwabci na raka ni rabin hanya.
Sau ɗaya, daren Diwali, na ci laddu biyu a bayan haikali.
Na faɗa yanzu, a rubuta.

Wata shida. Guguwar teku ta zo ta wuce.
Tara ta sauko bakwai da ɗigo biyu,
Selvina ta sumbaci takardar.
Hayaƙin kuwa daga shida ya koma huɗu,
ya tsaya nan kamar jaki a bakin gada.

Na ce, duk ɗacin da na haɗiye?
Ta ƙirga min da yatsu ba tausayi:
tumbin nan, taba biyu bayan cin dare,
da haƙorin da kake ɓoyewa tun bara.
Suga itace ɗaya ne, Appa, murhun na da wasu.

Jiya aka cire haƙorin.
Daren nan wani yana ƙona gonarsa can gabas,
sama ta yi ja har kan rufinmu.
Na tsaya a ƙofa, auduga a kunci,
karan taba a aljihu, ashana a ɗaki,
yatsa biyu a gefen wuya
ina sauraron ruwan yana wucewa.