Sabbin Sandunan Golf a Leven

Shekara goma sha ɗaya Murdo na zargin sandunansa,
gadon kawu, tsatsa ta ci wuyansu.
Ran Talata ya shiga shagon Elspeth
da kuɗin sallamarsa na tuƙin bas.

Ta auna shi daga wuyan hannu zuwa ƙasa,
ta ce buga in gani.
Ya buga. Raga ta karɓa, ta rufa masa asiri.
"Gwada wannan. Tana yafe kuskure."
"Nawa ne kuɗin yafiyar?"
"Fam ɗari bakwai."

Washegari, cikin yayyafi da iskar teku,
ya ɓare leda, ya gyara tsayuwa, ya kai duka.
Ƙwallon ta bi tsohuwar hanyarta,
dama, can cikin ƙaya,
kamar akuyar da ta san gida.

Ya daɗe yana duban hannuwansa.