Abin da Ke Gefen Hoto

Wata uku ke nan da aka ba ni kujera
a kamfanin man gyaɗa da ke Sharaɗa,
kujerar da ƙafarta ɗaya ke kan bulo.
Sashen hulɗa da jama'a, in ji takarda.
Sashen kuwa ni ce, sai Malam Zulyadaini,
sai wayar kamfani mai tsagaggen gilashi.

Babana yana ɓare lemo ya tambaye ni:
"Wai Mansura, biyan ki ake ki latsa waya?"
Na ce e. Ya ce, Allah mai iko.

Ranar farko na jera kwalabe bakwai a taga,
na jira rana ta gota rufin sito,
don man gyaɗa ba ya son hasken azahar,
sai na la'asar sakaliya, ya koma zuma.
Sau arba'in na ɗauka, na zaɓi ɗaya.
Mutum goma sha ɗaya suka yaba.
Huɗu 'yan gidanmu ne.

Manaja ya ce a sa fuskarsa. Na sa.
Ya ce a ɗan rage tumbin.

Sai wata Laraba na ga hannun Iya Tasalla
yana yawo a faifai, yana tsince ruɓaɓɓiya,
lalle ya koɗe, zobe ya nutse a yatsa,
shekara ashirin da biyu a wannan tsintar.
Na nemi izini. Ta ce, "Hannu dai, ban da fuska."
Layi ɗaya na rubuta a ƙasa na saki.
Kafin a-daidaita-sahu ya sauke ni a Ɗorayi
waya ta ɗau zafi kamar an tsamo ta daga kasko.
Masu shago a Singa suna tambayar katan,
wata daga Gashuwa ta ce hannun kakarta ta gani.
Daren nan na ci tuwo ban san miyar ba.

Da safe, cikin yabo, wani Sagir ya ajiye hoto:
baƙin ruwa mai maiƙo kwance a ƙofar gida,
takalmin yaro ɗaya ya maƙale a ciki.
"Ku ɗauki wannan ma. Bayan katangarku ne."

Na san kwatar.
Ni na datse ta da yatsu biyu
ranar da na ɗauki ƙofar kamfani,
na bar fenti da tambari da shuɗin sama.

Malam Zulyadaini ya ce, "Goge shi kawai."
Yatsana ya tsaya a kan gilashin,
daidai inda tsagar ta raba sunan Sagir biyu.
Tafin hannu dai ba ya rufe rana,
balle ɗan yatsa.

Na rubuta: mun gani, za mu zo.
Ban san su wa nake nufi da mu ba.

Asabar na je ni kaɗai, na tattare zani,
mahaifiyarsa ta miƙo min kujera 'yar tsugunno
ta nuna min inda ruwan ke kaiwa in an wanke tukwane.
Na ɗauka, ban gyara launi ba.
Na wanko shi a titin Gidan Zu da kuɗin motata,
Litinin na ɗora a teburin manaja,
kusa da hoton da na rage wa tumbi.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Na fara lissafin abin da zan gaya wa Baba.

Kwana goma sha ɗaya, sai ga magina da siminti.
Na saki hoton kwata, jiya da yau.
Bai kai rabin rabin na hannun Iya ba,
kwata ba ta da farin jini.
Sagir ya rubuta kalma biyu: "Mun shaida."

Har yanzu kujerata na kan bulo.
Amma in na ɗaga waya zan ɗauka,
sai na ja da baya taku biyu tukuna,
in ga abin da ke gefe.