Rigar Babana a Gidan Matasa

Mushe Arzika ya zo aro ranar Talata,
wai ƴan lise za su yi wasan mutanen da,
a ci tuwo cikin kayan kakanni.
Na buɗe adaka.
Ƙamshin kanumfari da shekara arba'in
suka fito gaishe mu.

Daren Asabar, Gidan Matasan Tawa,
tabarmi har bakin dandali.
Mai gyaran waya ya naɗa rawani, ya karkace.
Ungozomar asibiti ta sha saƙi,
agogonta na leƙowa ƙarƙashin warwaro.
Yau kowa kakan wani ne,
kowa na zama a hankali kar ɗinki ya ɓalle.

Sai ga Abarshi,
wuya kamar na zalɓe,
cikin rigar babana.
Madugu ne, ya dawo daga Tigidda da gishiri.
Hannun riga ya haɗiye nashi.
Aka yi dariya. Har da ni.

Kuran ya ɗauke yana tsakiyar zance.
Cima ta kunna aci-balbal ɗin wasa,
ta koma fitilar gaske.
Yaron bai tsaya ba. Ya yi gyaran murya,
ya tattare riga bisa kafaɗar hagu
yadda ba wanda ya koya mishi,
ya ce, "A sauke kaya, mun iso."

Na aje lomata.

Lahadi ya maido ta, ido a ƙasa.
Miyar kuka ta ɗiga a gaba, dab da aljihu.
Yana ta ba ni haƙuri.
Ɗana, tsohon ma nan yake zubarwa.

Ban wanke ba.