Ƴan Gara

Ni kafinta ne a Tawa.
Shekara ashirin da huɗu ina gaba da gara:
baƙin mai a ƙafar kowane gado,
katakona bisa bulo,
kunnena a farke ko ido ya yi barci.

Sai ga Tankari bakin rumfata,
malamin zane na lakwal, alli har a gira,
wai in sayar masa da allunan da na yar.
Na ce, gara ta ci su.
Ya ce, su nake so, ai tana da hannu.

Su biyar ne in ka ƙirga da jakin Agali.
Akwai Habsu maginiya da tulu ya gundura,
da Arzika, wanda Abijan ta maido
ba ko dala a aljihu,
sai fenti a ƙarƙashin farce.

Can bayan tabki, inda fako ya ƙare,
akwai suri uku gindin aduwa.
Nan suke aiki.
Su zana katako da ruwan gero inda suke so a ci,
da man bedi inda suke roƙon a bari,
su turbuɗe, su yayyafa ruwa,
su koma gida su ƙirga kwana arba'in.
Doka guda gare su:
abin da aka tono, ba a gyarawa.

Habsu ta binne fuskar uwarta,
ta tono ƙoramun Adar bayan ruwan farko,
kowace da ƴaƴanta, suna gangara wajen haɓa.
Ta duba, ta duba, ta ce,
haka take in ta yi dariya.
Arzika ya binne jirgin ruwa,
aka ba shi saiwar gawo.
Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba.

Mata a famfo suka ce asiri ake binnewa.
Mai unguwa ya zo da hauya da shaidu biyu,
ya tono guda, ya kakkaɓe da hannun riga,
ya tsaya har inuwa ta bar shi,
sannan ya tambaya ko akwai ƙarami
da zai shiga zaurensa.

Ran nan wani ya zo daga Yamai,
mota fara, tabarau bisa goshi.
Jika ɗari biyu, in ji shi, amma a sa hannu.
Agali ya ce, ranka ya daɗe,
masu hannun suna ƙasa, kuma ba su fita da rana.
Aka dai daidaita. Aka naɗe goma sha ɗaya a buhu,
aka ce su jira mota mako guda.
A ina? A rumfata.
Ni da bakina na ce to.

Ran da aka kwance buhu
gari ya zubo, ja, mai laushi kamar na tuwo.
Uwar Habsu ta tafi karo na biyu.
Ƙofar wani alhaji da na kusa gamawa
ita ma an taɓa ta daga gindi.
Na ɗauki guduma ban san wa zan buga ba.
Habsu ta dumbuzi garin, ta shinshina,
ta ce, ba su gama ba ne, mu muka yi gaggawa.
Ta ƙulle shi a bakin zane, za ta kwaɓa da yumɓu.

Ƙofar tana nan, ban kai ba, ban gyara ba.
Da safe rana kan shiga ramukan
ta zube ƙasa kamar tsabar gero.

Akwai wani katako da na ɓoye tun bara,
na kan gadon Tsahara,
wanda na sassaƙa shekarar da muka yi aure.
Ban shafa gero ba, ban shafa bedi ba.
Na kai shi suri na tsakiya da kaina, da magariba.

Yau kwana goma sha tara.
Da dare har yanzu ina kasa kunne,
sai dai yanzu
shirun ne ke hana ni barci.