Ɗamarar Shunayya

Malam Tadawus, katikis na cocin Tawa,
ya iso rumfata rana na tsaka,
ƙunshi a hammata kamar mai ɓoyon ƙwai.
Ya ce, "Illa, bishop na tafe ran Lahadi.
Ga ɗamararsa an aiko gaba,
ƙofar mota ta ci mata baki."

Na warware. Shunayya ce,
irin ta albasar Galmi in an ɓare fatar farko.
Na zazzage gwangwanin zare kaf,
ja ya yi ja da yawa, shuɗi ya yi sanyi,
sai a jakar matata na samu,
ragowar surfanin da ta yi wa ƙanwarta.

Ina taka keke, yana kurɓar shayi,
yana ba ni labarin birnin Rum.
Wai can da, wannan launi na Kaisar ne,
daga katantanwar teku ake tatso shi,
dubbai su mutu kafin a rina hannun riga.
Talaka ya sa, ya sa wa kansa wuƙa.

"To ya aka yi ta faɗo ƙugun limaminku?"
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Ya ce na farkonsu masunci ne,
mai kaushin hannu, mai ƙarnin taru,
kamar mutanen Tabalak da ke kawo mana tarwaɗa.
Kaisar ya sa an kashe shi.
Waɗanda suka biyo baya sun yi ibada a rami,
cikin kaburbura, da 'yar fitila,
wasu an jefa wa zaki ana tafi.
In biyu sun haɗu ba su san juna ba,
sai ɗaya ya zana kifi a ƙasa da yatsan ƙafa.

Yanzu fa? Fadar ta zama kufai,
baƙi na biyan kuɗi su ɗauki hoton bango,
kujerar masunci kuwa har yau da mai zama.
Ya lissafo mini su a yatsu:
Paparoma, kadinal, bishop, fada, dikon,
ya rasa yatsan da zai ɗora kansa.
"Ni ke share coci, ni ke buga ƙararrawa."

Ni dai tela ne. Na auna cikin alhaji,
na auna na soja, yau ga na bishop,
awo ɗaya ne, kuma duk yana ƙaruwa.
Na saki ɗamarar da yatsa biyu ban faɗa ba.

Ladan ya kira azahar, na yanke zare.
Ya zube mini sulalla a kan keke,
ya ce Kaisar fuskarsa yake bugawa a kuɗi.
Na juya dala ashirin a tafin hannu.
Ba sarki, ba rawani.
Kifi ne.